An Auna Ruwan Dam, Amma Wane Ruwan?

Idan ka taɓa buɗe rahotannin binciken da ake yi a kan madatsun ruwanmu, ka san yadda yawancinsu suke tafiya. An je bakin dam, an cika gora uku ko huɗu, an kai ɗakin gwaje-gwaje, an jera lambobi kusa da ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, sannan a rufe da cewa ruwan bai wuce ƙa'ida ba. Ma'aunin kam ba laifinsa. Ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya, wadda aka fitar a 2007 aka sabunta a 2015, ta ce kada dalma ta wuce miligiram 0.01 a lita ɗaya. Inda nake da ja shi ne ruwan da ake cika gorar da shi, domin sau da yawa ba shi ake sako wa mutane ba.

Ka ɗauki Tiga. An kammala ta a 1974, a lokacin tana iya riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Kogin Kano da ke cika ta daga tsaunukan kudancin jihar yake gangarowa, yankin Riruwai a ƙaramar hukumar Doguwa, inda aka daɗe ana haƙar kuza. A dutsen Riruwai kuza ba ita kaɗai take ba, tare take da ma'adinan tutiya da na dalma. Daga Tiga kuma ruwan yana bin kwata zuwa gonakin rani na Kadawa, Kura da Bunkure, saura ya bi kogi ya wuce Wudil da Ringim har Haɗejia. Ko a Kanya Babba kake zaune, ko Kazaure, ko Roni, shinkafa da tumatirin wannan yanki ba baƙi ba ne a kasuwarku. Ban ce ruwan Tiga yana da guba ba. Cewa na yi gora huɗu daga bakin gaɓa ba za su iya wanke shi ba, ba kuma za su iya kama shi da laifi ba.

Dalilin yana cikin randar gidanku. Ka zuba ruwan kogi ka bar shi ya kwana, da safe sama garau, ƙasa kuwa tabo. Dalma ba ta cika yawo a narke cikin ruwa ba, manne wa ƙwayoyin laka take yi, ta kwanta tare da su. Dam randa ce babba. A lokacin zafi rana tana ɗumama ruwan sama, ya yi sauƙi ya zauna a kan mai sanyi na ƙasa, su daina gauraya. Can ƙasa ƙwayoyin cuta suna cin ruɓaɓɓen ganye har iskar oksijin ta ƙare. Da ta ƙare, tsatsar ƙarfen da ke cikin laka sai ta fara narkewa, ta saki abin da ta riƙe, musamman manganis da asenik. To, bututun sakin ruwa na dam da yawa a ƙasa yake. Ka ga ke nan mai bincike ya ɗebi na saman randa, manomi da mai kamun kifi kuma an ba su na gindi.

Sai batun lokaci. Ruwan farko na damina shi ke wanke tarin ƙasar da masu haƙa suka bari tun rani, ya kwaso ta cikin kwana ɗaya ko biyu. Wanda ya zo da gorarsa bayan mako uku, ya makara. Haka in iskar hunturu ta sanyaya saman dam, ruwan yakan juya, na ƙasa ya hau. Akwai kuma wata ƙaramar al'ada mai babban tasiri: tace samfur kafin a auna. In aka tace, an zubar da lakar da dalmar ke manne da ita. Rahoton da bai faɗa maka ko an tace ko ba a tace ba, lambarsa ba ta gaya maka komai ba.

Abin da ya faru a Zamfara a 2010 ya isa ya sa mu daina raina laka. Yara sama da 400 suka rasu a ƙauyuka irin su Dareta, Yargalma da Bagega, kuma babbar hanyar gubar ita ce ƙura da ƙasar tsakar gida inda ake niƙa dutsen zinare. A 2015 aka sake ganin irinsa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Ƙasar da ta kashe yara a tsakar gida, in ruwan sama ya ɗauke ta, kwari take nufa.

A yi adalci, auna ƙarafa yana da tsada, kuma ɗalibai da yawa daga aljihunsu suke biya. Ba su za a ɗora wa nauyin ba. Aikin masu riƙe da makullin dam ne, wato Hukumar Raya Kogunan Haɗejia da Jama'are, da kuma NESREA mai sa ido kan muhalli. Sanarwar da kake ji a rediyo idan za a saki ruwa, ta ambaliya ce: a tashi daga bakin kogi. Yawan ruwan ake faɗa, ba abin da ke cikinsa ba.

Kuma ba sai an fara da na'ura mai tsada ba. Ƙananan na'urorin auna gurɓacewar launi, tsami da gishirin ruwa ana iya dasa su a bakin bututun fita, suna rubuta lamba kowace sa'a. Ruwa ba ya tsami banza, in lambar ta yi tsalle, ranar ce za a ɗebi samfur a kai ɗakin gwaji, ba tacewa, a haɗa da laka da kifi da shinkafar gonar farko da ruwan ya shiga. Sakamakon kuma a karanta shi a rediyo da Hausa, a cikin sanarwar sakin ruwan.