Gidajen Attajiran Popo Aguda a Legas: Nazari a Kan Salon Gininsu

A farkon shekarun 1980, lokacin da aikin gwamnati ya kai ni Legas, nakan bi ta titin Bamgbose da na Kakawa a ƙafa, ina kallon waɗansu tsofaffin benaye waɗanda na ɗauka Turawan mulki ne suka gina su. Daga baya na gane cewa 'yantattun bayi ne da 'ya'yansu, waɗanda suka komo daga Birazil, ake kiransu Aguda. A cikin wannan maƙala zan duba salon ginin nasu, in nuna inda ya yi kyau da inda ya gaza, a iya ganina.

Salon da Turawa ke kira niyokilasik ya taso ne a Turai a tsakiyar ƙarni na 18, bayan da aka fara tono tsofaffin biranen Rumawa na Hakulaniyam a 1738 da Fomfei a 1748. Manufarsa ita ce komawa ga tsarin ginin Girkawa da Rumawa na dā: ginshiƙai dogaye, da goshi mai kusurwa uku a saman ƙofa, da daidaita dama da hagu, da rage ado. Ya sami gindin zama a Birazil bayan da ayarin masu fasaha na Faransa ya sauka a birnin Riyo a 1816. Su kuwa magina da kafintocin Bahiya, waɗanda da yawansu bayi ne, sun tarar da shi a kan salon da suka saba da shi tun daga Fotugal, mai yawan lanƙwasa da ƙawa, sai suka gauraya su.

Mu Hausawa muna da hannu a wannan tarihi. Yaƙe-yaƙen farkon ƙarni na 19 sun jefa Hausawa da dama cikin jiragen bayi, har suka shirya tawaye a Bahiya a 1807. A watan Azumi na 1835 Musulmin birnin Salbado, galibinsu Yarbawa tare da waɗansu Hausawa, suka yi babban bore. Bayan an murƙushe shi aka koro waɗansu zuwa gaɓar Afirka ta Yamma, waɗansu kuma suka biyo baya da kuɗinsu, har zuwa bayan soke bauta a Birazil a 1888.

Abu na farko da ya kamata a yaba wa waɗannan gidaje shi ne, gini ne na ɗan kasuwa wanda ya san abin da yake so. Ƙasa kanti ne da ɗakin ajiye kaya, bene kuwa na iyali. Tagogi dogaye ne, an jera su daidai wa daida, da murafun katako masu barin iska ta shiga ko an rufe, ga baranda mai dogaran ƙarfe. A gari mai gumi kamar Legas wannan dabara ce babba. Gidan Ruwa da ke titin Kakawa, na iyalin da Rocha, misali ne mai kyau. Ya sami sunansa daga rijiyar da Candido da Rocha yake sayar da ruwanta ga jama'a, wato gidan da kansa yana cikin jarin mai shi.

Na biyu, maginan ba su yi kwaikwayo ido rufe ba. Masallacin Shitta-Bey da aka buɗe a 1894, wanda attajiri Muhammadu Shitta ya biya kuɗinsa, João Baptista da Costa kuma ya gina, ya ɗauki goshi da bakunan ƙofa irin na Birazil ya mayar da su hidimar ɗakin salla. Shi Shitta ɗin a Egga, a ƙasar Nufe, ya yi fataucin da ya ɗaga shi. Idan aka kwatanta wannan da zauren Mapo na Badun, wanda aka gama a 1929 ƙarƙashin injiniya Robert Jones, za a ga bambanci. Mapo ya fi bin ƙa'idar salon, ginshiƙansa manya ne ƙwarai, amma an ɗora shi a kan tudu ne domin talaka ya ɗaga kai ya ga iko. Ni dai na fi ganin ƙimar benayen 'yan kasuwar, duk da gaurayensu.

To, amma akwai aibi. Yawancin ginshiƙan da ke fuskar waɗannan gidaje na shafe ne, an manna su jikin bango, ba su ɗauke da nauyin komai. Wanda ya taɓa shiga Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu na wajen shekarun 1830, ya san cewa kowane baka a can aiki yake yi, adonsa kuma daga aikin nasa ya fito. Haka kuma gidan Aguda ya zuba dukan ƙawarsa a bakin titi, tagoginsa na kallon masu wucewa, alhali gidan attajirin Bahaushe zaure ne ke tare baƙo, cikin gida kuma a suturce. Saboda haka nake ganin kuskure ne yadda masu hali a garuruwanmu suke kafa ginshiƙan siminti a ƙofar gida, su bar dogayen tagogi da tsayin rufi, waɗanda su ne amfanin salon. An ɗauki riga an bar mai ita.

Abin takaici shi ne makomar gidajen. Ilojo Bar da ke kusa da dandalin Tinubu, wanda ake danganta gininsa da 1855, an sa shi cikin kayan tarihi na ƙasa tun 1956. Duk da haka aka rushe shi ranar 11 ga Satumba, 2016, jajiberin Babbar Salla. Idan gidan da ya shekara 60 a ƙarƙashin doka ya faɗi a yini guda, ina ga gidajen fatakenmu na ƙasa da azara a tsofaffin unguwanni, waɗanda ba a ko rubuta sunayensu ba?

Shawarata ga malaman makaranta ita ce su fita da ɗalibai su auna irin waɗannan gidaje, su zana fasalinsu, su ɗauki hoto. Dattawa kuma su faɗi wanda ya gina, da magininsa, da hajar da ya yi fatauci, a rubuta tun masu sani suna raye. Allah Ya sa mu dace.