Lissafin George Macdonald a Kan Zazzaɓin Cizon Sauro: Tsokaci a Taƙaice

Manufar wannan takarda ita ce a ɗora aikin George Macdonald a kan ma'auni, a ga inda ya yi rinjaye da inda ya gaza.

Macdonald likita ne Baturen Ingila. Ya yi aiki a Saliyo da Indiya kafin ya zama shugaban Cibiyar Ross da ke Landan. Ronald Ross, wanda ya gano ƙwayar cutar a cikin sauro a 1897, shi ya fara nuna wa duniya da lissafi cewa ba sai an kashe sauro kaf ba. Idan yawansa ya sauka ƙasa da wani mataki, cutar za ta mutu da kanta. Macdonald ya ɗora a kan wannan a littafinsa na 1957. Babban abin da ya fito da shi shi ne cewa tsawon ran macen sauro ya fi yawan sauron muhimmanci, domin ƙwayar cutar tana bukatar kwana 10 ko fiye a cikinta kafin ta iya harbar mutum. Saboda haka feshin DDT a bangon ɗaki, wanda ke gajarta ranta, shi ne babban makami. Wannan hujja ta ƙarfafa shirin kawar da cutar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 1955.

To, amma a ganina lissafin yana da rauni biyu. Na farko, bai ba garkuwar jiki da manya ke samu bayan yawan kamuwa haƙƙinta ba. Na biyu, ya ɗauki sauro duk halinsa ɗaya. Aikin Garki, a Jihar Jigawa ta yanzu, daga 1969 zuwa 1976, ya fito da wannan fili: an yi feshi, an raba magani, cutar ta ragu, amma yaɗuwarta ba ta yanke ba, kuma daga cikin dalilai akwai sauron da ke hutawa a waje, inda feshi bai kai ba. Lissafin da Dietz da Molineaux da Thomas suka buga a 1974 sai da ya shigar da garkuwar jiki.

Wannan bai rage darajar Macdonald ba, wanda ya rasu a 1967 bai ga sakamakon Garki ba. Darasin da ke gare mu malamai shi ne mu riƙa koya wa ɗalibai tambayar abin da kowane lissafi ya ɗauka ba tare da gwaji ba, tun kafin a gina manufar lafiyar jama'a a kansa.