Gaggawa da Iskar da ke Cikin Giyar Inabi

Tun da kamfanoni a Kanada da Amurka suka fara sayar wa masu haɗa giyar inabi a gida ruwan inabin da aka riga aka matse, tare da alkawarin cewa za a ɗura shi a kwalba cikin mako huɗu zuwa shida, sai wata al'ada ta bazu, wato ɗaura sanda a bakin injin huda katako a riƙa burga giyar don korar iskar da ta narke a cikinta. Iskar nan ita ce kabon dayoksaid, wadda yisti ke fitarwa yayin da yake mayar da sukari barasa, kuma tun 1860 Louis Pasteur ya nuna cewa aikin ƙananan halittu ne masu rai. Ruwa mai sanyi ya fi riƙe ta, shi ya sa giyar da ta tsima a ɗakin ƙarƙashin ƙasa take fitowa da ɗan cizo a harshe, kuma lakar cikinta ta ƙi kwanciya.

Hujjar masu burgawa ba ta banza ba ce, domin jar giya mai yawan iska takan yi kaifi a baki. Sai dai abin da injin yake yi cikin mintuna, watannin ajiya a gangar katako da juye giya daga mazubi zuwa mazubi sun daɗe suna yin sa a Faransa da Italiya, ba tare da cusa mata iskar oksijin mai yawa ba, wadda ke disashe ƙamshi ta mayar da launi ruwan ƙasa. Ballantana ma ba kowace giya ke son a raba ta da iskarta ba: Vinho Verde ta Fotugal da ɗan cizon nan aka san ta, kuma masu rage sinadarin salfa sukan bar iskar da gangan don ta kare giyar daga lalacewa.

Babban kuskuren da al'adar ta haifar shi ne zaton cewa burgawa na hana kwalba fashewa, alhali abin da ke tunkuɗo murfi yawanci ragowar sukari ne da yisti ya koma ci bayan an rufe. Wannan kuwa da haidiromita akan gane shi, wato ma'aunin nauyin ruwa, wanda idan awonsa ya sauka ƙasa ya kuma tsaya cak na wasu kwanaki yana nuna tsimar ta ƙare.