Tsokaci Kan Sunayen Alamomi a Fuskar Kwamfuta: Buɗaɗɗiyar Manhaja da Mai Karatun Hausa

1.0 Gabatarwa

Tun daga shekarar 1981, lokacin da kamfanin Xerox ya fitar da na'urarsa mai suna Star, aka fara sabawa da ganin fuskar kwamfuta tamkar teburin ofis, kowace takarda da alamarta, kowace alama kuma da sunanta a ƙarƙashinta. Wannan maƙala za ta auna ingancin wannan ɗan rubutu a manhajoji uku waɗanda kowa yake da 'yancin gyara su, wato KDE da Xfce da GNOME. Ma'aunin kuwa guda ne: shin mai karatun Hausa zai iya rarrabe takardunsa da kallo ɗaya?

2.0 Launi

Sunan alama yana zama ne a kan hoton bangon da mai kwamfuta ya zaɓa, saboda haka farin rubutu yakan ɓace idan hoton mai haske ne. Ƙa'idojin WCAG 2.0 na 2008, waɗanda aka tsara domin shafukan intanet, sun nemi bambancin haske tsakanin rubutu da bangonsa ya kai 4.5 bisa 1, amma babu mai iya lamunce wannan a kan hoton da bai sani ba. Xfce ta yi abin yabo a fitowarta ta 4.20, a Disambar 2024, da ta ba mutum damar zaɓen launin rubutun da na bayansa kai tsaye. GNOME kuwa ta cire alamomin ne daga Nautilus a fitowar 3.28 ta 2018, ta bar aikin ga ƙananan manhajojin ƙari. Wannan kauce wa matsala ne, ba warware ta ba.

3.0 Datse Suna

A nan ne gizo yake saƙa. Idan suna ya yi tsawo, akan datse ƙarshensa a maye gurbin da ɗigo uku. Wannan dabara ta fi dacewa da Ingilishi, inda siffa takan gabaci suna. A Hausa kuwa, jigon yankin suna shi ne kan zo a farko, mafayyatansa su biyo baya. A dubi waɗannan misalai:

(a) Takardun jarrabawar aji ɗaya
(b) Takardun jarrabawar aji biyu

Da zarar an datse ƙarshe, sai (a) da (b) su koma "Takardun jarraba…", wato an bar abin da ya haɗa su, an yar da abin da ya raba su. Malamin da yake gaggawa yana iya buga wa aji ɗaya tambayoyin aji biyu. KDE ta rage kaifin matsalar, domin tana barin mutum ya ƙara yawan layukan sunan. Sai dai ingantaccen magani shi ne a ba da zaɓin datsewa daga tsakiya, abin da manhajar jera rubutu ta Pango, wadda Xfce da GNOME suke dogaro da ita, ta riga ta tanada.

4.0 Haruffa Masu Ƙugiya

Tsarin Unicode ya ƙunshi ɓ da ɗ da ƙ, kuma zubin haruffa irin su DejaVu da Noto suna da su. Amma idan zubin da aka zaɓa ba shi da su, sai kwamfuta ta aro su daga wani, harafin ya fito bare a tsakiyar kalma. A ƙaramin rubutu kuma ƙugiyar takan dushe, har baƙi ya yi kama da baki, ƙasa ta yi kama da kasa. Ashe ke nan zaɓin zubi da girman harafi larura ne ga ma'ana, ba ado ba.

5.0 Kammalawa

An ga cewa KDE da Xfce sun fi GNOME kula da wannan fanni, amma gyaran nasu ya fi karkata ga launi da girma, bai kai ga ginin jimla ba. Tun da ƙofar buɗaɗɗiyar manhaja a buɗe take, ya rage ga masana Hausa su kai waɗannan hujjoji gaban masu tsara ta, domin ba a gyara abin da ba a nuna ba.