Da Me Ɗan Daudu Ya Sayi Zanen?

Marubutanmu sun mai da ɗan daudu abin dariya kawai: ya shigo labari, ya tafa hannu, ya yi rangwaɗa, ya fice. Ba mai tambayar da me ya sayi zanen, balle turare da man shafawa. Alhali amsar tana bakin murhu, a tashoshin mota irin na Birnin Kebbi da Argungu: suyar kaji, abincin sayarwa, adashe, gudummawar biki. Ba'amurke, Rudolf Gaudio, ya zauna Kano ya bi wannan sawu, a littafinsa Allah Made Us na 2009. Abin kunya ne, 'yan'uwa. Ƙaddamar da shari'a a 2000 ya ƙuntata musu wuraren nema, amma labaranmu suna nan kan tafa hannun.