Tikiti Ɗaya, Fim Biyu: Nazari Kan Al'adar Kallon Finafinan Leƙen Asiri

Idan aka tambayi wanda ya yi yarinta a ƙasar Hausa tsakanin shekarun 1960 da 1990 finafinan da ya taso da su, Indiya zai fara ambata, sai Canis, sai kaboyi. Na leƙen asiri kan zo daga baya, amma da zarar an ce 007 sai ka ga dattijo ya gyara zama. Masana irin su Brian Larkin da Farfesa Abdalla Uba Adamu sun yi rubutu mai zurfi kan yadda finafinan Indiya suka shiga jinin Bahaushe, sai dai ɗan leƙen asiri bai samu irin wannan kulawa ba. Alhali kuwa ta kansa ne ake iya ganin wani abu ƙarara: mai kallo a ƙasar Hausa bai taɓa zama ɗan amshin shata ba. An kawo masa fim cikin harshen da ba ya ji, an haɗa masa biyu a dare ɗaya, shi kuma ya ƙarasa aikin da bakinsa.

Nuna fim biyu da kuɗin shiga ɗaya dabara ce ta ƴan kasuwa. A Amurka ta yi ƙarfi a shekarun 1930, lokacin da tattalin arziki ya karye, masu gidajen silima suka ga sai an yi wa mai saye gyara kafin ya rabu da kuɗinsa. A ƙasashen Afirka rainon Faransa, har da Nijar, kamfanoni biyu ne, COMACICO da SECMA, suka riƙe harkar rarraba finafinai tsawon shekaru. Sukan sayo waɗanda suka riga suka ci kasuwarsu a Turai a kan farashi mai sauƙi, su riƙa zagayawa da su daga birni zuwa birni. A arewacin Najeriya kuwa ƴan kasuwa Kwarori ne suka fi riƙe harkar. An buɗe silimar Rex a Kano a 1937, kuma ko gobarar silimar El Duniya ta 1951, wadda ta ci rayuka 331, ba ta hana a ci gaba da gina wasu ba. Yawancin gidajen ba su da rufi a kan mafi yawan kujerunsu, don haka dole a jira dare. Tunda faifan tsoho ne mai araha, daren kuma dogo, haɗa biyu ya fi riba.

A lokacin, silima harkar manyan birane ce: Yamai, Maradi, Damagaram, Kano, Katsina. Ga yaron da ke Dakoro, kimanin kilomita 120 arewa da Maradi, a bakin yankin makiyaya, fim kan fara isowa ne a bakin mutum tun kafin a gan shi da ido. Yaron mota da ya kwana a tashar Maradi, ɗan makarantar da ya dawo hutu, ɗan ci-rani da ya sha iskar Fagge, su ne ke kawo labarin. Sai da bidiyo ya yaɗu, daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa 1990, al'adar fim biyu ta sauka sosai a ƙananan garuruwa, ta hanyar gidajen kallo.

Wanda ya shiga irin wannan gida ba ya manta tsarinsa. Fili ne da aka kewaye da zana, an jera bencina a baya, an shimfiɗa tabarmi a gaba domin yara. Talabijin tana kan tebur, an lulluɓe na'urar bidiyo da tsumma saboda ƙura, injin wuta yana ta ruri a bayan katanga. A bakin ƙofa akwai allo da aka rubuta sunayen finafinan daren da alli, an jingina kwalin kaset kusa da shi domin wanda bai iya karatu ba ya ga hoto. Yaro ya zo da dala biyar a dunƙule cikin hannu, wadda ya samu daga aike ko tallan gyaɗa. Wanda ba shi da ko dala sai ya laɓe, ya jira a yi nisa, ya matso ya ce wa mai ƙofa, "Kawu, don Allah a taimaka, an kusa gamawa." In ya taki sa'a a ce masa, "Shiga, amma in babanka ya zo nemanka ban san ka ba."

Fim na farko na share fage ne, ana kallonsa ana shigowa, ana ciniki da mai rake. Na biyu shi ne babban baƙo, kuma shi ne ke jawo wa yaro bulala, domin ba ya ƙarewa sai dare ya raba. Wannan haɗi ya koyar da wani abu da ba a cika lura da shi ba. Wanda ya ga fim ɗaya labari kawai zai bayar, amma wanda ya ga biyu a zama ɗaya sai ya auna. Kafin a kai gida an fara musu: wane akta ya fi iya faɗa, wane bos ya fi mugunta, a ina aka yi ƙaryar da ta wuce hankali. A nan ne sharhin fim ya fara a ƙasar Hausa, a kan hanyar komawa gida, tun kafin jarida ko rediyo su ware masa fili.

Me ya sa fim ɗin leƙen asiri ya karɓu ga wanda ba ya jin Turanci ko Faransanci? Domin ginin labarinsa ba ya canzawa, kuma ido kaɗai ya isa ya bi shi. Tun daga Dr. No na 1962, fim ɗin 007 da Sean Connery ya fito a ciki, hanya ɗaya ake bi. Oga ya kira akta ofis ya ba shi aiki. Wani dattijo ya ba shi kayan aiki masu asiri a ciki. Ya tafi wata ƙasa, ya shiga gidan bos da wata siffa, a gane shi, a ɗaure shi. Maimakon bos ya kashe shi nan take, sai ya tsaya dogon surutu. Akta ya tuna da agogonsa ko alƙalaminsa, ya kuɓuta, gidan bos ya tashi da wuta. Ba a bukatar tafinta kafin a gane hular ƙarfen da yaron bos ke jifa da ita a Goldfinger na 1964, ko kujerar motar da ke cilla mutum sama. Haka ma ƙaton nan mai haƙoran ƙarfe da motar da ke nutso cikin teku a The Spy Who Loved Me na 1977, zamanin Roger Moore.

Wuraren da ake magana kuwa, masu kallo ne ke cike su. Ƙane ya taɓa wansa ɗan makaranta ya ce, "Yaya, me ya ce masa?" Wan, wanda shi ma rabin maganar ya kama, ya amsa da gadara, "Ce masa ya yi kashinka ya bushe." Gobe wannan amsa ta zama gaskiyar fim ɗin a unguwa. Duk yaro ya san akta ba ya mutuwa, don haka ba ƙarshen labari ake jira ba, dabarar fita ake jira. Wannan kuwa ɗabi'ar mai sauraron tatsuniya ce. Yaron da ya tashi da labarin Gizo ya saba da gwarzon da ke shiga fadar mai ƙarfi da ƙarya a baki, ya fito da wayo. Bambancin shi ne Gizo kan kwashi kunya a ƙarshe domin a ja kunnen yara, shi kuwa ɗan leƙen asirin Turawa duk ɓarnar da ya yi ba a tuhumarsa.

Nau'in bai tsaya a hannun Turawan Ingila ba, kuma wannan ya ƙara masa kasuwa. Faransawa suna da nasu, OSS 117, wanda Jean Bruce ya ƙirƙira a 1949, shekara 4 kafin littafin 007 na farko na Ian Fleming. Indiyawa sun yi Farz a 1967 da Jeetendra, da Ankhen a 1968 da Dharmendra, wanda Kanawa suka laƙaba wa Sarkin Ƙarfi, sai Surakksha a 1979 da Mithun Chakraborty. A waɗannan na Indiya akta yana leƙen asiri, yana rawa, yana kuma da uwa ko ƙanwa da yake karewa, abin da ya sa ya fi kusa da zuciyar Bahaushe. Ko Enter the Dragon na 1973, da ake lissafawa cikin Canis, labarin leƙen asiri ne: hukuma ce ta tura Bruce Lee tsibirin bos da sunan shiga gasa.

Masu shirya fim sun daɗe da ganin yadda matasan Nijar ke sa rigar jaruman silima. A Moi, un Noir na Jean Rouch, 1958, ƴan ci-ranin da ke neman abinci a unguwar Treichville ta Abijan sun ɗauki sunayen taurarin fim. Oumarou Ganda ya kira kansa Edward G. Robinson, abokinsa kuma Eddie Constantine, tauraron da ke fitowa a matsayin jami'in asirin Amurka a finafinan Faransa. Ganda ɗin nan shi ne ya zama wanda ya fara cin babbar kyautar bikin finafinai na FESPACO a Wagadugu a 1972. Moustapha Alassane kuma, a Le Retour d'un aventurier na 1966, ya nuna saurayin da ya dawo ƙauye da kayan kaboyi ya raba wa abokansa, wasa ya rikiɗe ya zama fitina. Dukansu biyu sun nuna cewa kwaikwayon ba wauta ba ce, hanya ce da talaka ke gwada girman da rayuwa ta hana shi, amma tana da haɗarinta.

Wannan ya kai mu ga abin da ya kamata a soki al'adar a kai. Yaran da ke tafi da ihu ba sa tambayar wa akta yake yi wa aiki. Bawan Sarauniyar Ingila ne a tsakiyar yaƙin cacar baka, kuma ƙasashen da yake shiga, Jamaika ko Masar ko Indiya, filin wasa ne kawai, mutanensu kuma direbobi da ƴan aike. Mace a wurinsa abin amfani ce a jefar. Abin mamaki shi ne a zahiri Bahaushe ba ya ganin mutuncin mai leƙen asiri. Sunansa munafuki ko ɗan rahoto. A zamanin mulkin Janar Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, mutane sukan waiwaya kafin su yi maganar gwamnati a majalisar shayi, domin bango ma yana da kunne. Mutum ɗaya yakan tafa wa ɗan leƙen asiri da dare, da safe ya kama bakinsa saboda tsoron na unguwarsu. Fim ɗin ya wanke sana'ar, ya ɓoye wanda ake kai wa rahoton da wanda ke kwana a kurkuku saboda shi.

Haka nan ƙorafin iyaye da malamai na cewa gidan kallo matattarar ƴan iska ce ba duka ne son zuciya ba. Yara sun rasa karatun dare, wasu sun koyi ɗauke-ɗauke don samun kuɗin shiga. Kuma wuri ne na maza zalla. Ƴan mata sai dai su ji labari a bakin ƴan'uwansu, har zuwa lokacin da bidiyo ya shiga tsakar gida.

Yau waya da katin ajiya sun raba taron, kowa da nasa allon a tafin hannu, fim goma ma ana tura wa mutum a shago da kuɗi kaɗan. Sai dai al'adar ba ta mutu ba, sana'a ta zama. Masu fassarar finafinan Indiya zuwa Hausa, irin su Algaita a Kano, waɗanda ke sa wa jarumi habaici da karin magana a baki, aikin wancan yayan ɗan makaranta suke yi, sai dai su ana biyansu. Saboda haka kuskure ne a fara tarihin fim na Hausa daga Turmin Danya na 1990 kawai. Kafin a samu masu shiryawa an samu masu kallo da suka ƙware wajen aunawa da sake ba da labari, su ne kuma suka zama kasuwar Kannywood daga Kano har Dakoro. Masu ƙofa, masu juya faifai da masu gidajen kallo na farko da dama suna raye, sun manyanta. Sassan nazarin Hausa na jami'o'in Yamai, Kano da Sakkwato suna da aiki a gabansu: su je su naɗi bayanin waɗannan mutane, domin rabin tarihin yana bakinsu, ba a rubuce yake ba.