Tsamiya da Awon Magani: Abin da Ƙasar Sin Ta Riga Mu Yi

A ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, manomi yakan sare itatuwa da yawa idan zai faɗaɗa gona, amma da wuya ya ɗora gatari a kan tsamiya, kamar yadda yake ƙyale ɗorawa da kuka. A Surko da ƙauyukan da ke kewaye da ita, idan 'ya'yanta suka nuna da rani, mata su ɓare su cura su ajiye, kuma wannan curin ne zai yi kunun buɗa baki da azumi, ya shiga ruwan tuwo, ya shiga jiƙon mai jego. Itacenta na da tauri, garwashinta na daɗewa, a ganyenta kuma tsutsar da ake samun zaren rigar tsamiya take kiwo. Inda magana ta fi nauyi shi ne wajen magani, domin ana ba da jiƙonta ga mai cushewar ciki, da mai shawara, da mai zazzaɓi, wani lokaci ita kaɗai, wani lokaci da filasko. A ganina wannan ilmi na gaske ne, amma ya tsaya a wuri ɗaya saboda rashin rubutaccen awo da gwaji, kuma tarihin maganin gargajiyar ƙasar Sin ya nuna hakan ƙarara.

Kowa ya san tsamiya na sassauta ciki, kuma likitancin zamani bai musa ba. Tsaminta na kashe ƙishirwa, yana kuma dawo wa marar lafiya da sha'awar abinci. Amma sauƙin da mai zazzaɓi ke ji bayan ya sha daban, mutuwar ƙwayar cutar da sauro ya zuba masa a jini daban, kuma har yau ba a tabbatar tsamiya na kashe ta a jikin mutum ba. Akwai ma abin da ya fi wannan jan hankali. A 1996 masu bincike a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun nuna cewa kunu mai tsamiya yana ƙara yawan asfirin da ke shiga jinin wanda ya haɗiye shi. Ke nan kunun da uwa ke ba ɗanta ya kora ƙwaya yana iya sauya ƙarfin ƙwayar, ba tare da ita ko mai kemis sun sani ba. Abin da ke da irin wannan tasiri ya cancanci a san yawan da za a sha, da tsawon kwanaki, da wanda bai kamata ya sha ba.

Mutanen Sin sun fi mu da abu guda, wato rubuta yadda ake haɗawa. A ƙarni na 4 wani likita mai suna Ge Hong ya rubuta cewa ana jiƙa ganyen wani tsiro, ɗan'uwan tazargade, a matse ruwan a ba mai zazzaɓi. A 1967 gwamnatin Sin ta kafa shirin neman sabon maganin zazzaɓin cizon sauro, domin kulorokwin ya fara gazawa a fagen yaƙin Biyetnam. Wata masaniya, Tu Youyou, da abokan aikinta suka tattara dubban haɗe-haɗen gargajiya, suka gwada ɗaruruwa, akasarinsu suka faɗi. Shi kansa ganyen da Ge Hong ya ambata bai yi abin kirki ba da farko, sai da ta lura tsohon littafin jiƙawa ya ambata, bai ce a tafasa ba. Ta rage zafi wajen tatsa, a 1971 aka dace. Daga nan aka samu sinadarin atemisinin, tushen maganin da Najeriya ta koma wa a tsakiyar shekarun 2000, wanda ake rubuta wa marasa lafiya a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu da ƙananan asibitocin Gwaram. A 2015 aka ba ta kyautar Nobel. Bambancin jiƙawa da tafasawa ya rayu shekara dubu da ɗari shida ne saboda yana kan takarda. A wajenmu irin wannan bambanci yana cikin kan tsohuwa ko mai magani, idan suka rasu ya bi su.

Wani zai ce ai mu ma muna da rubutu. Gaskiya ne: Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi rubuce-rubuce kan magani, kuma a 1916 wani Bature mai suna Dalziel ya buga kundin sunayen tsirrai da Hausa. Sai dai na farko ya tsaya a hannun malamai masu Larabci, na biyu kuma an yi shi ne don Turawa, babu wanda ya zama littafin da mai magani ke buɗewa ya ƙara abin da ya gani. Li Shizhen na ƙasar Sin kuwa, a kundinsa da ya fito a 1596, ya jera magunguna 1,892, yana gyara kurakuran magabata. Gyaran nan shi ne muka rasa.

Ƙorafi mafi ƙarfi na masu maganin ne da kansu, waɗanda ke cewa sirri shi ne abincinsu, idan suka faɗa ɗan boko zai kwashe ya bar su. Wannan tsoro yana da tushe, kuma ba a kawar da shi da wa'azi. Amma an taɓa gwada wata hanya a ƙasar nan. Cibiyar binciken magunguna ta Abuja ta samar da Niprisan, maganin sikila, daga haɗin wani mai maganin gargajiya wanda ya ƙunshi kanumfari da karan dafi, bisa yarjejeniyar da ta ba shi haƙƙi. Kasuwancin maganin ya yi ta tangal-tangal daga baya, amma ya nuna ana iya rubuta sirri bisa yarjejeniyar da ta amince da haƙƙin mai shi.

Kada kuma a ɗauka duk abin da ya fito daga Sin an gwada shi. A farkon shekarun 1990, mata fiye da 100 a Beljiyam suka samu ciwon ƙoda bayan shan maganin rage ƙiba da aka sa wa wani tsiron Sin mai guba, dangin duman dutsen da ake sayarwa a kasuwanninmu. Shayi da ƙwayoyin da ake tallatawa da lasifika ranar kasuwa da sunan maganin Sin ba su gaji komai daga aikin Tu Youyou ba, idan babu sahihiyar lambar NAFDAC a jikinsu. Ko shan jiƙon ganyen da aka ciro atemisinin daga gare shi, Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta amince da shi ba, domin ƙarfinsa ba ya daidaita, kuma maganin da bai kai awo ba yana koya wa cutar jurewa. Saboda haka yaron Surko da jikinsa ya yi zafi da damina a fara kai shi gwajin jini, a ba shi maganin har ya ƙare, kunun tsamiya ya biyo baya don ya samu ya ci abinci. Aikin rubuta yadda tsofaffin yankin ke jiƙa ta, da abin da suke haɗa ta da shi, da yawan da suke ba yaro da babba, yana jiran ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutse da ma'aikatan lafiyar Birnin Kudu, tun masu ilmin suna raye.